Karanta izinin fayil daga sabar FTP ta cikin kod: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan sun fito ne daga matasan da ke koyon gina shafukan intanet a nan Sakkwato, galibinsu ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na foliteknik, sai kuma waɗanda ke kula da shafukan makarantun kuɗi da na 'yan kasuwa. Buƙatar kusan ɗaya ce: fayiloli suna can kan sabar da aka kama haya, FTP, wato ƙa'idar tura fayiloli tsakanin kwamfuta da sabar, kaɗai aka ba mutum ya shiga da shi, yana kuma son shirin da ya rubuta ya gano wa ke da ikon karanta kowane fayil, wa ke da ikon canza shi.

Malam, wane umarni zan tura wa sabar ta faɗa mini izinin fayil?

A asalin ƙa'idar FTP babu umarnin da aka ware don wannan. Abhay Bhushan ne ya rubuta tsarin farko a 1971, sannan Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da takardar ƙa'idar mai suna RFC 959 a 1985, wadda ake bi har yau. A lokacin kwamfutocin da ke magana da juna iri-iri ne, kowace da yadda take tsare fayilolinta, wasu ma ba su san wani abu wai shi mai fayil da rukuni da sauran jama'a ba. Don haka ƙa'idar ba ta ɗauki tsarin Unix ta ɗora wa kowa ba.

Abin da ake da shi hanyoyi biyu ne. Ta farko `LIST`, tsohon umarnin da ke kawo jerin abin da ke cikin folda. Ta biyu `MLSD` da ɗan'uwansa `MLST`, waɗanda RFC 3659 ta kawo a 2007. Duk laburaren da ka ga yana ba ka izinin fayil ta FTP, a ƙarƙashinsa ɗaya daga cikin waɗannan yake turawa, ya karanta amsar.

To mene ne izinin kansa? Me 644 da 755 suke nufi?

A sabar Linux kowane fayil yana da mutane kashi uku: mai shi, rukuninsa, da kowa da kowa. Kowane kashi ana iya ba shi abu uku: karantawa `r` mai daraja 4, rubutawa `w` mai daraja 2, da gudanarwa `x` mai daraja 1. Sai a haɗa. Karantawa da rubutawa 6 ke nan, karantawa kaɗai 4. Saboda haka 644 na nufin mai fayil zai karanta ya rubuta, sauran kuwa sai dai su karanta. A haruffa ana rubuta shi `rw-r--r--`.

A kan folda ma'anar ta ɗan sauya, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. `r` shi ne ganin sunayen da ke ciki, `x` shiga cikin foldar, `w` kuwa ƙirƙira da gogewa da canza suna. Wato goge fayil ya danganta ne da izinin foldar da yake ciki, ba da izinin fayil ɗin ba. Wanda ya duba fayil kawai ya ga 444 ya ce ba mai iya taɓa shi, bai gama duba ba.

Ta ina zan fara?

Ka fara da tambayar sabar abin da ta iya. Umarnin `FEAT`, wanda ya zo a RFC 2389 ta 1998, yana dawo da jerin ƙarin abubuwan da take goyon baya. In ka ga layin da ya fara da `MLST`, to ka samu hanya mai tsafta, kuma a layin za ka ga sunayen bayanan da take bayarwa. Manhajojin sabar FTP irin su ProFTPD da Pure-FTPd suna da shi. Amma vsftpd, wadda ta yaɗu sosai a sabobin Linux, ba ta da shi. In ka tura mata `MLSD` lamba 500 za ta mayar maka. Shirinka ya kamata ya gwada sabuwar hanya tukuna, in ta ƙi ya koma `LIST`.

Yaya amsar MLSD take, kuma me ya sa ka fi son ta?

Ga irin layin da za ka gani:

```
type=file;size=5120;modify=20240312093015;perm=adfrw;UNIX.mode=0644; index.php
```

Kowane bayani da sunansa, alamar daidai, darajarsa, sai waƙafi mai ɗigo. Bayan na ƙarshe akwai tazara guda, duk abin da ya biyo baya sunan fayil ne, ko da akwai tazara goma a cikinsa. An yi shi ne don inji ya karanta, shi ya sa babu canki-canki. A Python, tun daga 3.3, `ftplib` yana yi maka aikin:

```python
from ftplib import FTP_TLS

ftp = FTP_TLS(adireshi)
ftp.login(suna, sirri)
ftp.prot_p()
for fayil, bayani in ftp.mlsd("public_html"):
    print(fayil, bayani.get("unix.mode"), bayani.get("perm"))
```

Lura cewa Python yana mayar da sunayen bayanan ƙananan haruffa, don haka `unix.mode` za ka nema. A PHP kuwa `ftp_mlsd` ya shigo ne a 7.2. In masu sabarka suna kan wanda ya girme shi, sai `ftp_rawlist`.

Wani ƙaramin abu: lokacin da ke cikin `modify` agogon UTC ne. Mu a Najeriya muna gaba da awa ɗaya, don haka 09:30 na layin can ƙarfe 10:30 ne na safe a Sakkwato.

Na ga `perm` da `UNIX.mode` a layi ɗaya. Ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da na fi son mutum ya tsaya a kanta.

`UNIX.mode` shi ne lambar da ke kan fayil ɗin a sabar, 0644 ko 0755, ba ruwanta da wanda ya tambaya. Ba ya cikin bayanan da RFC 3659 ta tsara wa kowa. Ƙari ne da sabobin Unix ke sakawa, don haka wata za ta ba ka, wata ba za ta ba ka ba.

`perm` kuwa yana cikin ƙa'ida, amma wata tambaya daban yake amsawa: kai da ka shigo da wannan suna yanzu, waɗanne umarnin FTP za ka iya yi a kan wannan abu? A kan fayil, `r` saukewa ne, `w` rubutawa a kansa, `a` ƙari a ƙarshensa, `d` gogewa, `f` canza suna. A kan folda akwai `e` na shiga, `l` na ganin jeri, `c` na ƙirƙirar fayil, `m` na ƙirƙirar folda, da `p` na goge abin da ke ciki. Ka ga babu maganar rukuni ko sauran jama'a a nan, babu kuma `x`.

Saboda haka ka san me kake nema kafin ka zaɓa. In shirinka na son ya san ko zai iya ɗora sabon jadawalin sakamakon jarrabawa a kan tsoho, `perm` ya fi kusa da amsa. In kuwa bincike kake yi don gano fayilolin da aka bari a buɗe wa kowa, `UNIX.mode` kaɗai zai yi maka, kuma kada ka yi ƙoƙarin ƙirƙiro 644 daga `adfrw`. Lambar da za ka fitar ta haka ƙirƙirarka ce, ba sabar ce ta faɗa ba. Ita kanta ƙa'idar ta bayyana cewa harafin `perm` ba alkawari ba ne cewa umarnin zai yi nasara, domin wuri na iya cika ko wani shinge ya tare.

Sabar tawa ba ta da MLSD. Yaya zan yi da LIST?

A sabar Unix amsar tana kama da ta `ls -l`:

```
drwxr-xr-x    4 1001     1001         4096 Mar 12 09:30 hotuna
-rw-r--r--    1 1001     1001         5120 Mar 12 09:30 index.php
lrwxrwxrwx    1 1001     1001           11 Jan 05  2023 www -> public_html
```

Haruffa goma na farko su ne abin nemanka. Na farko nau'i ne: `-` fayil, `d` folda, `l` mahaɗi zuwa wani wuri. Tara da suka rage uku-uku ne, na mai fayil, na rukuni, na kowa.

Sai dai RFC 959 ba ta ƙayyade siffar wannan amsa ba, don mutum aka yi ta ya karanta da ido. Shi ya sa take da ramuka. Wasu sabobin suna fara jerin da layin `total`, wanda ba fayil ba ne, sai ka tsallake shi. Wasu na ƙara harafi na goma sha ɗaya, kamar `+` in akwai ƙarin jerin izini na ACL, don haka goma na farko kawai za ka yanka. Fayil ɗin da ya haura kusan wata shida shekara ake nunawa a gurbin lokaci, kamar layi na uku a sama. Babban rami kuwa sunan fayil ne. Mutanenmu suna sa suna irin `Sakamakon JSS 2 zango na uku.pdf`, in ka raba layin a kowace tazara ka ɗauki kalmar ƙarshe, `uku.pdf` za ka samu. Ka raba sau takwas kawai, `layi.split(None, 8)`, kashi na tara gaba ɗayansa suna ne.

Mahaɗi kuma, a Linux kusan kullum `lrwxrwxrwx` yake nunawa. Wannan ba ɓaraka ba ce. Izinin da ke aiki na wurin da yake nunawa ne, can za ka je ka duba.

Ta yaya zan mayar da `-rw-r--r--` zuwa 644?

```python
def zuwa_lamba(h):
    jimla = 0
    for i, harafi in enumerate(h[1:10]):
        if harafi in "rwxst":
            jimla |= 1 << (8 - i)
    if h[3] in "sS": jimla |= 0o4000
    if h[6] in "sS": jimla |= 0o2000
    if h[9] in "tT": jimla |= 0o1000
    return format(jimla, "04o")
```

Layukan `if` ukun ƙarshe saboda `s` da `t` ne, waɗanda ke zama a gurbin `x`. Ƙaramin `s` na nufin akwai setuid ko setgid, wato izini na musamman da ke sa shiri ya gudana da ikon mai fayil ko na rukuninsa, tare da `x`. Babban `S` na nufin akwai shi amma babu `x`. Haka `t` da `T` suke a gurbi na ƙarshe. Foldar `/tmp` misali ce, `drwxrwxrwt`, wato 1777: kowa na iya ajiya a ciki, amma ba ka goge na wani. Shirin da ke neman `x` kaɗai zai karanta ta 776, kuma kuskure ne.

Ni Java nake amfani da shi, abokina kuma C#.

A Java ka ɗauki Apache Commons Net. `listFiles` yana dawo da `FTPFile`, kowane ɗaya kuma yana da `hasPermission`, inda za ka ba shi kashin mutane da irin izinin ya ce maka e ko a'a. Yana tura `SYST` don ya zaɓi yadda zai karanta jerin. Akwai kuma `mlistDir` na sabuwar hanya.

A C#, `FtpWebRequest` da `ListDirectoryDetails` ɗanyen rubutun `LIST` suke miƙo maka, kai za ka fassara. Microsoft da kansu ba sa ba da shawarar amfani da shi a sabon aiki. FluentFTP ya fi sauƙi, yana fitar da izinin a lamba.

Me ya sa `fileperms` na PHP bai yi mini aiki da adireshin `ftp://` ba?

Domin ta wannan hanyar PHP abubuwa kaɗan yake iya sani da gaske: girman fayil, lokacin canza shi, da ko fayil ne ko folda. Ko ya ba ka lamba, kada ka gina komai a kanta. Ka yi amfani da `ftp_mlsd` ko `ftp_rawlist`.

Jerin da na samu ba shi da izini ko kaɗan. Me ya faru?

Mai yiwuwa sabar Windows ce mai IIS, manhajar sabar Microsoft, wadda ke iya ba da jeri irin na MS-DOS:

```
03-12-24  09:30AM                 5120 index.php
```

Kwanan wata, lokaci, girma, suna, shi ke nan. Windows da jerin ACL na NTFS yake tsare fayil, kuma wannan ba ya shiga cikin haruffa tara. In an juya IIS zuwa salon Unix za ka ga `-rwxrwxrwx` da `owner` da `group` a kan kowane layi. Cike gurbi ne kawai.

Ina roƙon duk mai rubuta irin wannan shiri ya tanadi amsa ta uku. Ban da "a buɗe yake" da "a rufe yake", a samu "sabar ba ta faɗa ba". Shugaban makarantar da aka miƙa wa rahoto cewa fayilolin ɗalibansa a tsare suke, alhali shirin 644 ya cusa a inda bai samu komai ba, an cuce shi, shi da iyayen yaran.

To ko a Linux, zan iya yarda da abin da na gani?

Galibi e, amma ka san cewa rahoton sabar kake karantawa, ba faifan kansa ba. Mai kula da vsftpd na iya kunna `hide_ids`, sai kowane fayil ya fito da `ftp` a matsayin mai shi da rukuninsa. ProFTPD na da `DirFakeMode` da `DirFakeUser`, masu nuna izini da suna na bogi da gangan. Ana kuma iya hana rubutu a saitin manhajar FTP ɗin ko da fayil yana 666. In ka ga dubban fayiloli duk lamba ɗaya, har da waɗanda ka san ka canza, ka yi shakka.

In buƙatarka ita ce sanin ko za ka iya rubutu a folda, gwaji ya fi lissafi. Ka ɗora ɗan ƙaramin fayil, ka duba lambar amsa, ka goge shi. 226 nasara ce, 550 ko 553 an hana ka.

Izinin fayil guda nake so, ko na foldar kanta.

`MLST` da sunan abin, misali `ftp.sendcmd("MLST index.php")`. Amsar ta layin umarni take zuwa da lamba 250, ba sai an buɗe layi na biyu da jerin fayiloli ke bi ba. Da `LIST` kuwa, in ka ba shi sunan folda abin da ke cikinta zai kawo, don haka sai ka hau foldar da ke samanta ka nemo layinta. Fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, irin `.htaccess`, wasu sabobin ba sa nuna su sai ka tura `LIST -a`, wanda shi ma ba kowace ke karɓa ba.

Na shiga lafiya, amma da na nemi jeri sai ya tsaya cak.

FTP layi biyu yake amfani da su. Na umarni yana ƙofa ta 21, shi ne ya kai ka ciki. Jerin fayiloli kuwa ta layi na biyu yake zuwa. A tsohon salo sabar ce ke kiran kwamfutarka don ta buɗe shi. Mu kuma a nan yawancinmu da datar waya muke haɗa laftof, ko a Mabera kake ko a Runjin Sambo, kuma adireshin da layin waya ke ba ka tarayya kake yi da mutane da yawa, kiran da ya taso daga waje ba zai same ka ba. Maganin shi ne salon da kai za ka kira sabar, wato `PASV`. Python yana kunna shi da kansa. A PHP sai ka kira `ftp_pasv` bayan ka shiga, ba kafin ba. A Commons Net `enterLocalPassiveMode` ne.

Tun da ana maganar layi: kowane jeri sabon haɗi yake buɗewa. Kada ka tambayi fayiloli ɗaya-ɗaya. Jeri guda na folda ya ba ka na kowa da ke cikinta. In shafin babba ne, ka riƙa rubuta foldojin da ka gama a wani fayil, ta yadda in wuta ta ɗauke ko sabis ya faɗi za ka ci gaba daga inda ka tsaya. In ka ga 421, sabar ce ta rufe layin, sai ka sake shiga.

In na ga izinin bai yi ba, zan iya gyara shi ta nan?

A sabobin Unix da yawa, e: `SITE CHMOD 644 index.php`. Ba dole ne kowace ta karɓa ba. A PHP ka kula sosai da `ftp_chmod`, domin lamba yake karɓa ba rubutu ba. `0644` da sifili a gaba shi ne daidai. In ka rubuta `644` tsirara, PHP zai ɗauke ta lissafin goma-goma, abin da zai isa sabar kuwa 1204 ne: mai fayil ba zai iya karanta fayil ɗinsa ba, shafin na iya mutuwa nan take. Bayan kowane canji ka sake karanta jerin ka tabbatar.

Malam, ai da na sa 777 sai hotunan suka fara hawa. Mene ne laifin?

Laifin shi ne ka warware matsalarka ta hanyar cire wa ɗakin ƙyaure gaba ɗaya, don kawai makulli ya yi maka gardama. 777 na nufin duk wani asusu ko shirin da ke gudana a wannan sabar yana iya rubutu a foldarka, kuma a sabar haya ba kai kaɗai ba ne. Foldar hotuna mai 777 ita ce wurin da ake jefa fayil ɗin PHP na ɓarna. Wasu sabobin ma, irin masu suPHP, ƙin gudanar da shafin suke yi in sun ga haka, su ba da kuskure 500.

Sau da yawa asalin matsalar mallaka ce: asusun FTP ne ke da foldar, PHP kuma da wani asusu yake gudana. Wannan a jerin `LIST` za ka gan shi, a gurbi na uku da na huɗu na kowane layi, in ba a ɓoye ba. WordPress da kansu 755 suke cewa a sa wa folda, 644 wa fayil, sannan a ƙara matse `wp-config.php` zuwa 440 ko 400, domin a ciki kalmar sirrin rumbun bayanai take. Shirin bincikenka ya nemi duk abin da `jimla & 0o002` ɗinsa ba sifili ba ne, ban da mahaɗai, ya jero maka su.

Shin ya kamata in ci gaba da FTP ma?

In kana da zaɓi, a'a. FTP zalla yana tura suna da kalmar sirri a fili, duk wanda ke tsakaninka da sabar yana iya gani, musamman a waya-fai na shagon intanet ko na taron jama'a. Chrome 88 da Firefox 90 duk sun cire shi a 2021. FTPS, wanda RFC 4217 ta tsara a 2005, yana lulluɓe hirar da TLS, tsarin ɓoye bayanai, amma matsalar jeri tana nan yadda take. SFTP kuwa wata ƙa'ida ce daban da ke bi ta SSH, hanyar shiga sabar a ɓoye, a ƙofa ta 22, kuma a cikinta izini lamba ce da ake turowa kai tsaye. Da Paramiko a Python, `oct(sftp.stat(hanya).st_mode & 0o7777)` ya gama aikin da muka cike shafi muna yi. Ka rubuta wa masu sabarka ka tambaye su ko kunshin da ka biya yana da SSH. In sun ce babu, ka nemi su kunna maka FTPS, ka kuma buɗe asusun FTP na daban wanda aka taƙaita shi a foldar da shirin zai duba kaɗai.